Ƙahon da Ke Shan Albarushinsa

A garin Kwarin Gamji an yi wani ƙahon albarushi da ke raguwa ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Ba ji na yi ba, na ɗaga shi da hannun nan nawa tun lokacin da mafi yawanku ba a ma yi tunanin haihuwarku ba. Kullum da hudowar rana, yana rataye a turke da marfinsa a toshe, sai ka ji wani ɗan sauti kamar ana tsiyaya gero a ƙwarya. In ka sauke ka auna, awo ɗaya ya tafi.

Mai ƙahon sunansa Nomau, maharbi ne, ɗan bindiga irin na da. Bindigarsa ta toka ce, doguwa, in ya tsayar da ita takan kai masa haɓa. Yana da aboki, Bawale, wanda suka tashi tare, suka koyi ɗurin bindiga wurin uban Nomau, suka sha dukan sandar ɗuri ɗaya. Tsohon nan bai da doka da yawa, amma guda ɗaya ya kafa musu ita a baya da tabo: ba a zuba albarushi daga bakin ƙaho zuwa bakin bindiga. Sai ka goge cikinta da tsumma mai laima, ka tsiyaya a ɗan ma'aunin gora, ka toshe ƙahon, sannan ka juye. Domin bindigar da aka harba takan ɓoye ɗan garwashi a cikinta, kuma garwashin nan in ya ga hanya, binta zai yi har cikin ƙaho.

Suna samari suka kashe wata baƙar ɓauna a fadama, suka raba ƙahoninta, Nomau na dama, Bawale na hagu. Suka rarake, suka yi musu baki da jan ƙarfe, suka ɗaura rataya ta fata. Ba su yi mako ba suka gane cikin ƙahonin ɗaya ne. In Nomau ya zuba a nasa, na Bawale ya yi nauyi. In Bawale ya tsiyaya, na Nomau ya ragu. Suka yi dariya, suka ce an rage musu aiki.

To, maharban Kwarin Gamji suna da al'ada. Wanda ya ɓata a daji yakan harba ɗaya sama, shi ne kira. Abokin tafiyarsa ya amsa da biyu a jere, shi ne ga hanya nan, ba kai kaɗai ba ne.

Ranar sunan ɗan maigari, Bawale ya bi sawun wani farin gwanki tun da sassafe. Nomau ya tsaya gari. Akwai wata mai fura, Ladingo, da yake so ta san akwai shi, sai ya shiga fili yana harbi sama, yana juyi, mata na guɗa. Ya harba, ya ɗura, ya harba, har maroƙa suka dishe. Da la'asar sakaliya, a tsakanin kiɗa, ya ji ƙara ɗaya can nesa daga gabas. Ya san muryar bindigar Bawale kamar yadda ya san tarin ubansa. Ya cire marfi ya karkata ƙaho, ko ƙwaya ba ta faɗo ba. Kafin ya zaga ya samo aro ya harba biyun, rana ta faɗi, dajin kuma bai sake cewa komai ba.

Aka nemi Bawale wata guda, ko takalminsa ba a gani ba. Aka yi masa addu'a, aka raba kayansa. Amma tun Larabar farko da Nomau ya cika ƙahonsa bayan cin kasuwa, washegari da hudowar rana ya ji tsiyayar nan. Awo ɗaya. Jibi ma haka.

Shekara talatin da ɗaya Nomau bai bar ƙahon nan ya ga gindinsa ba. Duk Laraba ya sayo farar wuta, ya daka da gawayi da sauran haɗi a turminsa, ya shanya, ya cika. Ya auri Ladingo, suka zauna, ta rasu ba ta bar masa ɗa ba. Tsaransa suka tafi ɗaya bayan ɗaya. Samari suka daina zuwa jin labaransa, don sun ji na zakin da ya kama da wuya sau ɗari. Gidan ya rage daga shi sai turmi sai ƙaho. Da safe yakan zauna a ƙarƙashinsa ya kasa kunne, in ya ji tsiyayar sai ya ce, "Ka tashi lafiya, ɗan banza?" Sannan ya je ya ɗora ruwa.

Wata safiya ya ji tsiyayar sau uku. Ya auna, awo uku sun tafi. Washegari uku. Ya ce lallai abin da ke can ya canza, kuma mutumin da ya yi shekara talatin yana tsimi ba zai fara ɓarna haka kawai ba. Da ma ya daɗe da lura cewa duk sa'ar da ƙahon ke raguwa, bakinsa kan juya ya dubi wani wuri tsakanin gabas da arewa. Sau huɗu yana bin wannan nuni yana da ƙarfinsa, daji na mayar da shi. Wannan karon ya cika ƙahon, awo talatin cif, ya cika burgami da wani awo ɗari, ya ɗauki salkar ruwa da ƙuli-ƙuli, ya jawo ƙyauren kara ya rufe gidan. Bai yi sallama da kowa ba, don babu wanda zai tambaya.

Ya yi kwana tara yana tafiya. Kowace safiya ya rataye ƙahon a reshe, ya ga inda ya duba, ya ƙara masa daga burgami, ya bi. Gonaki suka ƙare, sawun shanu ya ƙare, tsuntsaye suka fara zama irin waɗanda bai san sunansu ba. Ranar ta goma da rana tsaka ya iske kogi a tsaye. Ba a kwance ba, a tsaye kamar ganuwa, kifaye na iyo sama da kansa. A gindinsa wani dogon aljani mai fatar kada yana zaune yana tsefe gemu.

Nomau ya yi sallama, ya ce shi ne Nomau na Kwarin Gamji wanda namun daji ke yi wa 'ya'yansu gargaɗi da sunansa, yana neman hanya.

Aljanin ya ce, "Ya kai ɗan Adam, sau huɗu ka zo kusa da nan da ƙafafun saurayi, na juya ka, domin a lokacin kana sa ran komawa. Yau na ga ka rufe gida. Shiga. Amma ruwan nan ba ya barin busassun abubuwa biyu su ƙetare shi. Zaɓi ɗaya."

Nomau ya dubi burgami mai sauran awo saba'in da ɗoriya, ya dubi ƙaho mai awo talatin. Ya roƙi a bar shi ya yi sawu biyu, aljanin ya ce ba a shiga kogin nan sau biyu ta fuska ɗaya. Sai ya cika ƙahon har wuya, ya rungume shi, ya sa kai cikin ruwa. Ya fito ta ɗaya gefen yana tari. Ƙahon ƙamas, burgamin kuwa ya zama baƙin kunu yana zuba a ƙafarsa. Awo talatin, Bawale na cin uku a rana. Ko bai je makaranta ba ya san kwana goma ke nan.

Ya shanya bindiga a rana, ya shiga wani daji da komai nasa fari ne, ganye fari, ƙasa fara, inuwa ma fara. A nan duk naman da ya taɓa kashewa ya fito masa. Barewa da gada da gwanki da kuraye, kowane da raminsa na harsashi a jiki, suka jeru gefen hanya suna magana da muryar mutane. Wata kura ta ce ashe wannan ne Nomau, ai ta ɗauka ya fi haka tsawo. Wani biri ya ce hannunsa rawa yake yi, ko rumbu aka kafa masa ba zai samu ba. Zakin da yake ba da labari ya zo har gabansa ya buɗe baki, ya tuna masa cewa ba kama shi ya yi da wuya ba, daga kan itace ya harbe shi, wandonsa a jiƙe.

Ku da ba ku san Nomau ba ba za ku gane nauyin wannan ba. Mutum ne da ko zakara ya yi masa cara ba daidai ba sai ya tanka. Hannunsa ya kai kan marfin ƙaho ya fi sau ashirin. Amma duk awon da ya harba, safiya guda ce ya cire daga bakin Bawale. Kwana uku ya yi yana tafiya cikin zagi, kansa a sunkuye, bai ƙyasta ba. Ni dai ban ga wani namiji da ya yi irin wannan ba, kuma na ga maza.

A ƙarshen dajin wata baƙar ɓauna ta tare hanya. Kanta ba ƙaho, sai ramuka biyu.

Ta ce, "Ya kai mai rataye da rabin kaina, ka san ni?"

Nomau ya cire hula ya durƙusa, ya ce ya san ta.

Ta ce, "Shekara arba'in ina jin ƙahonina. Na dama yana cikin hayaƙin bukka, na hagu yana inda ko iska ba ta motsi. Duk Laraba nakan ji an cika ni, duk safiya nakan ji an rage ni. Ban huta ba, ku ma ba ku huta ba. Ba don kai zan taimake ka ba, don in samu barci ne. Ka yi mini alkawari in sun haɗu ba za su sake rabuwa ba."

Ya yi mata. Ta ce ya hau bayanta, gaba filin wuta ne, ƙafar ɗan Adam ba ta taka shi.

Filin nan ciyawarsa harshen wuta ce, tartsatsi na tashi kamar fari. Nomau ya san ƙwaya ɗaya ta sauka a bakin ƙaho, an gama da shi da Bawale gaba ɗaya. Ya naɗe ƙahon da fatar burgami, ya tuɓe rigarsa ya jiƙa ta da ruwan salka ya naɗa a kai, ya kwanta a kansa. In rigar ta bushe ya ƙara ruwa. Kwana biyu suna gudu. Ruwan da zai sha shi riga ta sha, bayansa tsirara tartsatsi na sauka yana cinsa, bai ɗaga ba. Tabon nan har ya mutu yana nan, kamar an watsa masa wake a baya. Da suka fita, ɓaunar ta durƙusa ya sauka, ta juya ta tafi. Ya girgiza ƙaho a kunne. Awo goma sha biyar.

Ya ja ƙafa har wata mararraba inda hanyoyi bakwai suka rabu. Da safe ya rataye ƙahon, ya ji an tsiyaya uku, amma bakin ƙahon sai ya yi ta juyawa kamar mazari, ya ƙi tsayawa. Gindin wata tsamiya kuwa wata tsohuwar aljana na zaune, ido ɗaya a goshi, ƙafarta a miƙe da wani gyambo mai faɗin faifai. Ta ba shi ruwa a ƙoƙo ya sha, sannan ta ce maganin gyambonta baƙin gari ne na 'yan Adam mai warin tsawa, awo uku, kuma ita kaɗai ta san wace hanya ce ke zuwa ƙasar Sarkin Shiru, inda abokinsa yake.

Nomau ya ce, "Iya, ki karɓi bindigar. Ki karɓi idona ɗaya ki ƙara a naki. Wannan garin ba nawa ba ne, numfashin wani ne."

Ta ce, "Jikana, na sani. Abin da ba ya ciwo in an bayar ba ya warkar da ciwo. Sauran hanyoyi shidan nan kowace tafiyar shekara ɗari ce. Zauna ka yi tunani, ni ba inda za ni."

Ya zauna har rana ta take. Sannan ya auna uku ya barbaɗa mata da hannunsa, yana ji kamar naman jikinsa yake yanka. Gyambon ya rufe nan take. Ta nuna masa mafi ƙanƙantar hanyar, ta ce kwana biyu da yini, ya isa kafin rana ta uku ta fito in yana so ya tarar da mutum.

Awo tara suka rage. Ya tafi. Safiya ta ci uku, wata safiyar ta ci uku. Ƙasar ta yi ta yin shiru. Da farko kukan tsuntsu ya ɗauke, sannan iska, sannan ya lura ba ya jin takun kansa. Yakan yi tari don ya tabbatar yana nan. Ya yi wa kansa kirari da ƙarfi, muryar ta fito 'yar ƙarama kamar ta mai jin kunya, sai ya bari.

Gari na wayewa a rana ta uku ya gangara wani kwari da duwatsu bakwai suka kewaye. Kwarin cike yake da itatuwa, dubbai, kuma kowace itaciya da siffar mutum. Ga mai ɗaga hannu, ga mai riƙe da baki kamar zai yi kira, ga mace da tulu, duk ɓawo ya rufe su. Can tsakiya ya hango wata da ba ta gama zama itace ba. Daga ƙafa zuwa ƙirji kututture ne, sama kuwa tsoho ne mai furfura, bindiga ta manne da hannunsa na dama kamar reshe, ƙaho na rataye a ƙirjinsa. Hannun hagu na ta kokawa da marfi, yatsun sun sandare, a gindinsa ga baƙin albarushi da ya zube.

Nan Nomau ya gane. Ba ɓarna ba ce, ba kuma saƙo ba ne. Biyu na zubewa ƙasa kafin ɗaya ya shiga.

Ya sheƙa da gudu irin wanda bai yi ba tun yana saurayi, ya dafe marfin da hannunsa. Tsohon ya ɗago ido ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Kai ne ka tsufa haka, mummuna?"

Nomau ya ce, "Ka ga mai magana. Ni aƙalla ba a ɗaure akuya a jikina."

Ba su ƙara ba, don wata inuwa ta sauko a kansu. Sarkin Shiru ne, tsawonsa ya kai rimi, rawaninsa toka-toka ya rufe baki, maganarsa kuma ba ta kunne take shiga ba, a ƙirji ake jin ta.

Ya ce, "Ya kai baƙo, ka shigo gonata. Duk wanda ya yi kira a duniyarku ba a amsa masa ba, nawa ne. Waɗannan duka sun kira, sun gaji, sun yi shiru, na dasa su. Wannan kaɗai ya ƙi gajiya. Shekara talatin da ɗaya yana fasa mini safiya da ƙara, domin wani wawa yana aiko masa da gari. Ranar da rana ta fito bai kira ba, ɓawo zai rufe bakinsa."

Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ne wawan. Ni aka kira, na zo amsawa."

Sarkin ya ce, "Dokarku ce zan riƙe ka da ita, ba tawa ba. Ya kira da ɗaya, ka amsa da biyu. Duwatsuna bakwai za su mayar da ƙarar kiransa ɗaya bayan ɗaya. In na bakwai ya yi shiru ba ka cika biyu ba, shi nawa ne, kai ma nawa ne, gefensa akwai wuri."

Nomau ya roƙi a bar shi ya ɗura, aka bar shi. Ya goge bindigar Bawale, ya auna ɗaya ya juye, ya tura tsumma ya daka da sanda. Ya ɗura tasa da na biyu. Na uku ya rage a ƙaho. Ya duba wanda ya zube ƙasa, raɓa ta riga ta kashe shi. Yana aikin yana lissafi a ransa: goge ciki, aunawa, toshe ƙaho, juyewa, tsumma, sanda. Yana da ƙarfinsa ma, da hannu mafi sauri a ƙasar Hausa, ba zai gama wannan kafin amsa-kuwwa bakwai ba.

Bai ɗago kai ba ya ce, "Bawale, ranar nan na ji kiranka. Ni na ƙarar da garin. A filin suna, don wata mai fura ta dube ni."

Bawale ya ce, "Na sani. Ina cikin daji ina jin ƙahon na sauƙi a ƙirjina, awo bayan awo, na ce Nomau ya ga mace. Amma duk Laraba nakan ji ya yi nauyi. Da shi nake ƙirga kwana. Nakan ce yau kasuwarmu ta ci, yau ana soya ƙosai gindin gamji."

Nomau ya ce, "To, ka yafe ko ba ka yafe ba?"

Bawale ya ce, "Rana na fitowa. Amsa mini tukuna, ka ji sauran."

Gefen rana ya ɓullo bisa dutse. Bawale ya ja kunama, bindiga ta tashi. Dutse na farko ya mayar. Nomau ya harba tasa a kan na biyu. Hayaƙi bai gama fita daga bakinta ba ya dire ta a ƙasa. Na uku ya mayar. Hannunsa da kansa ya tafi neman tsumma, yadda aka koya masa shekara hamsin, ya janye shi. Na huɗu. Ya leƙa bakin bindigar, can ƙasa ya hango ɗan jan ido yana kallonsa. Na biyar. Ya cire marfi da haƙori, ya ji tabon sandar ubansa na motsi a bayansa. Na shida. Ya kafa bakin ƙaho a bakin bindiga ya juye.

Wutar ta hau garin kamar an kira ta, ta shige ƙaho, ta tarar da awo ɗaya da ƙurar shekara arba'in da ta daskare a jikinsa. Ƙahon ya tashi a hannun Nomau. Kuma da yake cikinsu ɗaya ne, na ƙirjin Bawale ya tashi tare da shi, ya tsaga kututturen nan tun daga sama har saiwa. Ƙarar da aka yi a kwarin nan, duwatsu bakwai ba su iya mayar da ita ba, sai da biyu suka tsage.

Da Nomau ya farfaɗo yana kwance, hannunsa na dama saura babban yatsa da ɗan ƙarami. Ya ga Sarkin Shiru tsaye, ya ji maganarsa a ƙirji: "Ba daga bakin bindiga ta biyun ta fito ba. Amma ƙara biyu aka ce, ƙara biyu na ji, ban kuma taɓa jin irin ta biyun ba. Ɗauki naka ku fita, kada ku waiwaya." Ya ga Bawale yana rarrafowa daga cikin ɓawo da ƙafafu farare sirara, ƙirjinsa a ƙone. Ya ga gutsattsarin ƙahoni biyu sun zube wuri ɗaya, ba a gane na dama da na hagu. Ya ga bakin Bawale na motsi.

Sai dai bai ji komai ba. Ya ɗauka shirun ƙasar ne. Ya ɗaure hannu da tsumman goge bindiga, ya goya abokinsa, suka kama hanya. Mararraba ba kowa, filin wuta ya zama toka mai sanyi, farin daji ba dabba ko ɗaya, kogi ya kwanta har ana taka shi. Suka fito inda tsuntsaye ke buɗe baki a kan reshe, iska na kaɗa ganye, nan ma bai ji ba. Sannan ya san shirun a kunnensa yake.

Bawale kuwa bai daina magana ba. Yana bayansa, Nomau na jin motsin muƙamuƙinsa a kafaɗa, yini bayan yini, maganar shekara talatin da ɗaya. Wani lokaci ya ji ƙirjin Bawale na girgiza, bai sani ba dariya ce ko kuka. Shi dai yakan ce "Haka ne" in ya ji an tsaya.

Ranar da suka hango gamjin kasuwa, Laraba ce, da hantsi. Bawale ya taɓa shi ya nuna a sauke shi. Ya jingina da wata kanya, ya daɗe yana kallon hayaƙin masu ƙosai. Sannan ya juyo ya kama fuskar Nomau da hannu biyu, ya yi magana a hankali, doguwa, yana buɗe baki sosai don a gane. Nomau ya zuba ido, ya kasa kama ko kalma ɗaya. Su biyun kuma ba wanda ya san alif. Bawale ya ɗauki guntun hannun nan ya ɗora a ƙirjinsa, daidai inda ƙaho ya yi shekaru yana rataye, ya riƙe. Yana riƙe da shi har ƙirjin ya daina motsi.

Nomau ya shigo da shi gari a bayansa, aka yi masa sutura aka kai shi. Mutane suka cika gidan kwana uku suna kallon hannun, sannan suka koma harkokinsu.

Ya yi shekara tara bayan haka. In aka tambaye shi da hannu me Bawale ya faɗa a gindin kanya, sai ya gyara zama ya ce, da ƙarfi irin na kurame, wai cewa ya yi tun da aka ƙera bindiga ba a yi ɗan bindiga kamar Nomau ba. Wata rana kuma ya ce cewa ya yi ƙara ta biyun ta fi tsawa. Kowa ya yi dariya, shi ma ya yi.

Amma ni katangarmu ɗaya da shi, kuma ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka san abin. Duk hudowar rana yakan fito ya zauna ƙarƙashin turken nan da ba komai a kansa sai ɗan ma'aunin gora, ya karkata kai, ya kasa kunnen da ba ya ji.